Jirgi Ɗaki Ne Ko Hanya? Mas'alar Giya a Kan Ruwa

A ƙasar Zakirai da wuya mutum ya sami fili taku goma da zai ce ba na kowa ba ne. Daga hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa har zuwa Gezawa, gona ce ke bin gona, gamba ko lalle ne kawai a tsakani, kuma kowace bishiyar gawo da ɗorawa da kuka tana da mai ita, har gadonta ake yi. Tun a 1965 masanin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka fitar da bincikensu a kan wannan yanki da ya kewaye birnin Kano, inda jama'a ta yi yawan da ba a barin gona ta huta, taki ne ke riƙe da ita shekara da shekaru. Wurin da ba daji kuwa ba maɓoya. Yaro ya karya rake ko ya tsinki gyaɗa a gonar wani da hantsi, kafin azahar labari ya riga shi zuwa gida.

Ruwa ne ya kuɓuce wa wannan rabo. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin datse koguna gadan-gadan, aikin da ya haifar da Tiga da Bagauda da Tomas da Watari, da kuma dam ɗin kogin Jakara da ke Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wanda ba shi da nisa daga Gabasawa. Ruwan ya jawo masu noman rani da masunta. Wanda ya je bakinsa da yamma zai ga kwale-kwalen katako a jere, ana kwashe ruwan da ya shiga cikinsu da gwangwani, ana warware birgi, ana ɗana ƙugiyoyi, masu sari suna taya karfasa da tarwaɗa. Da mutum ya tura jirginsa ya yi nisan jifa biyu, ya fita daga idon maƙwabci da mai unguwa da liman.

A nan wata mas'ala take, irin wadda malaman zaure ke son ƙirƙira don a wasa ƙwaƙwalwa. A ɗauka wani kafinta a Zakirai ya sayi gangunan roba shida, ya toshe bakinsu, ya ɗaure su biyu-biyu, ya shimfiɗa katako a kai, ya kafa rumfar tamfol. Ya sa tabarma da kurfoti da butar alwala. Shi da abokansa huɗu sukan kwana a kan ruwa suna fatsa, da asuba su dawo da abin da Allah ya hore. Ran nan, an yi nisa da gaɓa, sai ɗayansu ya buɗe baƙar leda, ga kwalabe. Ya ce, "Maigida, kowa da halinsa. Nan ba gari ba ne, ba kuma wanda na dama."

Hukuncin shan ba shi ne abin muhawara ba. Alƙur'ani ya bi lamarin giya daki-daki, daga aya ta 219 ta Baƙara da ta auna zunubinta da amfaninta, zuwa aya ta 43 ta Nisa'i da ta hana kusantar salla cikin maye, zuwa ayoyi na 90 da 91 na Ma'ida da suka rufe ƙofar baki ɗaya. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda duk ɗalibin da ya wuce Ahalari da Iziyya ya san ta, ta yanke bulala 80 ga wanda ya sha, ya bugu ko bai bugu ba. Hanin ma a Arewa bai fara da shari'ar 2000 ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba Turawa hujjar hana shigo da barasa cikin yankunan Musulmi, Gwamna Lugga ya ɗabbaƙa hanin a Arewa, kundin Penal Code na 1960 kuma ya ɗauki shan giya laifi ne ga Musulmi. Don haka babu mai cewa abin da ke cikin ledar halal ne, har shi mai ledar. Abin da yake cewa daban ne: wurin nan kamar ɗakina ne, ina ruwan wani?

To, ɗakinsa ne?

Abin mamaki, waɗanda suka zauna suka amsa wannan tambaya dalla-dalla a rubuce mutanen da giya halal ce a dokarsu ne. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, inda tafkuna suka yi yawa har ba a lissafa su, doka ta ce ana ɗaukar jirgin ruwa a matsayin keɓaɓɓen wuri, wanda za a iya sha a cikinsa, idan ya cika wasu sharuɗɗa: a sami wurin kwana na dindindin, da wurin girki na dindindin, da banɗaki na dindindin, sannan jirgin ya kasance a tsaye, an jefa anga ko an ɗaure shi a gaɓa. Jirgin haya mai ɗaukar fasinja ba ya cikin wannan sassauci. Da an kwance igiya, ɗaki ya koma abin hawa, kwalba kuma dole ta kasance a rufe ko a killace. Da wannan ma'auni, jirgin kafintan Zakirai ya faɗi tun daga kurfoti, don abin da ake ɗauka a ajiye ba dindindin ba ne. Matuƙi kuwa, dokar laifuka ta ƙasar ba ta bambanta shi da direban mota: miligiram 80 na barasa a cikin mililita 100 na jini ya isa a gurfanar da shi. A watan Afrilu na 2017 wani mutum da ya sha ya ɗauki yaro ɗan shekara 8 a kwale-kwale a kogin Muskoka, suka kife, yaron ya rasu. Lauyoyinsa suka ce kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu ba ya cikin jiragen da doka take nufi. Kotu ta ce yana ciki, ta same shi da laifi a 2019, aka ɗaure shi shekara 6. A Amurka ma, rundunar tsaron gaɓar teku takan bayyana kusan kowace shekara cewa barasa ce kan gaba cikin sanannun dalilan haɗarin jiragen shaƙatawa da ake rasa rai.

Wato su da suka halatta abin, sun ga dole su tambayi jirgi ko gida ne ko hanya kafin su bar mutum ya sha. Fiƙihu ya yi wannan tambaya tun da daɗewa, amma ta wata ƙofar: ba don a san inda aka yarda a sha ba, sai don a san inda aka yarda a sa wa mutum ido.

Musulunci ya ba gida alfarma mai ƙarfi. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aya ta 12 ta Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Almawardi, wanda ya rasu a 1058, ya kawo a littafinsa na Ahkamus Sulɗaniyya labarin Sayyidina Umar da ya faɗa wa wasu mutane suna sha, ya tuna musu ya hana. Suka mayar masa da cewa shi ma Allah ya hana shi leƙen asiri da shiga ba izini, ga shi ya yi. Umar ya karɓi maganar, ya juya bai hukunta su ba. Darasin da malamai suka ɗauka shi ne, mai hisba aikinsa a kan abin da ya fito fili ne, ba ya haura katanga. Mai leda, ko da bai taɓa buɗe littafi ba, a kan wannan ginshiƙi ya jingina, kuma ginshiƙin na gaske ne. Garin da kowa ya zama ɗan leƙen asirin kowa ba ya zama garin masu tsoron Allah, garin munafukai yake zama.

Sai dai jinginar tasa tana da rauni ta fuska biyu. Ta farko mai sauƙi ce: shi ne ya buɗe ledar a gaban mutum huɗu. A kan katakon da bai fi tabarma uku ba, ba a bukatar leƙe. A mazhabar Malikiyya ma warin giya a bakin mutum hujja ce idan adilai biyu suka shaida, abin da Shafi'iyya da Hanafiyya ba su yarda da shi haka kai tsaye ba. Kuma akwai hadisin da ya hana mumini zama a kan shimfiɗar da ake zagaya giya. A gari wanda bai ji daɗi ba sai ya sa takalminsa ya tafi. A tsakiyar Wasai da ƙarfe ɗayan dare, ina zai nufa? Mai sha ya tilasta wa abokansa zaman da addininsu ya hana su, alhali yana cewa bai dami kowa ba.

Ta biyun ta fi nauyi. Shi Almawardin da ya hana bincike ya yi togiya guda: idan ana tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa bayan ta auku, kamar a ce wani ya keɓe da wani don ya kashe shi, to a nan an halatta a kutsa. Rai ba ya dawowa. Jirgi kuwa wuri ne da hankalin mutum ɗaya yake riƙe da ran kowa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke cikin Bukhari ya zana wannan hoton da kansa: mutane ne suka yi ƙuri'a a kan jirgi, wasu suka sami sama, wasu ƙasa. Na ƙasa suka gaji da ratsa na sama duk lokacin da suke son ruwa, suka yi shawarar su huda nasu ɓangaren. In an bar su kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Abin lura, masu hudar ba mugaye ba ne. Hujjarsu ita ce rabonsu ne, kuma ba sa son su takura wa kowa, wadda ita ce hujjar mai leda kalma da kalma. Masu wa'azi sun saba ɗaukar hadisin a matsayin misali na al'umma, har an manta cewa a kan jirgi na gaske ba misali ba ne, bayanin abin da zai faru ne.

Likitoci sun san yadda abin yake faruwa. Barasa tana taɓa daidaiton jiki tun kafin ta taɓa harshe, ga shi abin da ake tsaye a kai yana lilo. Tana buɗe jijiyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi, wanda ya faɗa ruwa a daren hunturu kuwa ba ya da zafin da zai yi asara. Tana kuma ba mutum ƙarfin halin da ba nasa ba. Jirgin ganguna ba ya son a taru a gefe guda; mutum ɗaya ya miƙe ba shiri ya yi tangaɗi zuwa baki, wani ya zabura ya riƙo shi, nauyin mutum biyu ya koma kan ganga ɗaya.

Wa ke da ikon hanawa? A nan ma ba sai an jira Hisba ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya umarci mutum uku da suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba, al'adar masunta kuma ta riga ta san Sarkin Ruwa a gaɓa da mai jirgi a kan ruwa. Kafintan ba ɗan kallo ba ne. Cikin mutum goma da hadisin Tirmizi ya ambata game da la'anar giya akwai mai ɗaukarta, kuma Malikiyya ba su yarda Musulmi ya ba da hayar kansa ko dabbarsa ko gidansa don harkar giya ba. Imamu Abu Hanifa ya sassauta a kan ladan wanda ya yi wa wanda ba Musulmi ba dakonta, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammadu Shaibani, sun saɓa masa. Mai jirgi dai yana da haƙƙi, yana kuma da nauyi. Abin da ba shi da shi shi ne bulala. Haddi na alƙali ne, kuma kokawa da mashayi a kan ganguna shida ita ma huda jirgi ce. Hikimar tana ga lokaci: sharaɗi a gaɓa ake faɗarsa, ƙafa tana kan ƙasa, lokacin da wanda bai yarda ba zai iya komawa gida ba tare da an ci masa fuska ba. In an riga an yi nisa, abin yi shi ne a karɓe masa abin tuƙi, a zaunar da shi a tsakiya, a juya.

Mas'alar takan ƙara daɗi idan aka ce mai ledar ba Musulmi ba ne, abokin ciniki ne daga Sabon Gari, ko ɗaya daga cikin Maguzawan da suka rage a karkarar Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙarshen shekarun 1930 ya ga matsayin giyar dawa a bukukuwansu. Mutane da yawa za su yi mamakin jin cewa a wurin Malikiyya da Hanafiyya, giyar wanda ba Musulmi ba da ke zaune da amana dukiya ce a hannunsa, Musulmin da ya zubar masa da ita sai ya biya, matuƙar bai fito da ita fili ba. Dokar jihar Kano ta fi haka tsanani, domin tun gyaran da aka yi a 2004 an hana sha da sayarwa a faɗin jihar, ko da yake kowa ya san abin da ake yi a Sabon Gari. A kan jirgi kuwa, saɓanin addini ba ya canza lissafi sosai. Kafintan ba ya da ikon ɗora wa baƙonsa hukuncin da bai yi imani da shi ba, ba ya da ikon zaginsa ko jefa masa kaya a ruwa. Amma yana da ikon cewa, "Aboki, jirgina ba ya ɗaukar wannan," kamar yadda dokar Ontariyo za ta faɗa masa ba tare da ta tambayi addininsa ba.

Gaskiyar magana kuma, kwalba ba ita ce babbar matsalar ruwayen Kano ba. Kwalba tana da girma, tana ƙara, tana wari, shi ya sa take da sauƙin kamu da daɗin ɗaukar hoto. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta bi ta kan kwalabe 240,000 da babbar mota a watan Nuwamba na 2013, sannan a Fabrairun 2022 ta fasa fiye da miliyan 3.8 a Tudun Kalebawa da ke Dawakin Tofa. Amma saurayin ƙauye da ke son kwana yana jan taru ba ya neman giya, tsadarta ma ta ishe shi. Abin da ke aljihunsa ƙwaya ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi da hukumomin Nijeriya, a rahotonsa na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, ba a ma sa barasa da taba a lissafin ba. A watan Mayu na shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya nuna halin da matasan Kano ke ciki. Tramol kuwa, wanda 'yan ƙwadago ke sha don kada su ji gajiya, idan ya yi yawa yakan jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ba sallama.

Malaman da ba su ga tramol ba sun bar ma'aunin da za a auna shi. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Alfuruƙ: mai sa maye tare da nishaɗi, mai dagula hankali ba tare da nishaɗi ba, da mai kwantar da mutum ya ɗauke masa ji da gani. Haddi na rukunin farko ne, sauran ladabtarwa ce gwargwadon ganin alƙali. Alƙarafi ya sa wiwi a rukuni na biyu, Ibn Taimiyya kuwa ya ce hukuncinta hukuncin giya ne. Wannan saɓani yana da amfani a kotu. Ga mutum huɗun da ke zaune a bayan matuƙi, rukuni ukun duk ɗaya ne, domin abin da suke bukata a wurinsa hankali ne cikakke, kuma kowanne daga cikin ukun ya tafi da shi. Mai jirgin da ya kori kwalba ya bar ƙwaya ya kiyaye sunansa a gari, bai kiyaye fasinjansa ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaci. Da yammacin 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka ruwan Watari zuwa Bagwai, cike da ɗaliban Islamiyya da za su je Mauludi. Ya kife, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara. A 2008 ma ruwan nan ya ci 'yan rakiyar amarya. Babu wanda ya ambaci giya a cikin waɗannan masifu. Lodi ne ya wuce kima. Malaman usulu sun ce an haramta giya don kiyaye hankali, kuma a jerin manufofin shari'a biyar kiyaye rai yana gaba da kiyaye hankali. Amma mutumin da zai tashi tsaye ya ƙi shiga jirgi saboda ya hangi kwalba, shi ne zai matsa ya ba mutum na hamsin wuri a jirgin mutum ashirin, in aka yi magana ya ce kwana ba ya ƙarewa sai da ajali. Wannan tawakkalin ba a zaure aka koyar da shi ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta wajabta rigar ruwa ta kuma hana tafiyar dare, amma jami'anta ba za su tsaya a bakin kowane dam da kowane kududdufi ba. Lissafin ya koma hannun kafinta, kuma ba mai wuya ba ne. Ganga mai lita 200 tana ɗaukar kusan kilo 200 kafin ta nutse gaba ɗaya, shida ke nan kilo 1,200. Mai hankali yakan bar rabin kowace ganga a saman ruwa, saura 600. A cire nauyin katako da rumfa da taru jiƙaƙƙe da kifin da ake fata, abin da ya rage da ƙyar zai ɗauki maza biyar. Idan na shida ya zo da gudu yana "Don Allah, Baba, a taimaka," amsar da kafintan zai ba shi ita ce dai wadda ya ba mai leda, ko da kuwa wannan carbi ne a hannunsa.